Zuwa ga Bazazzagi Mai Ɗingishi

Malam Bazazzagi, sannu da jiki. Ko da yake an ce ba jikin ba ne duka, ƙafa ce, ƙafar ma idon sawu, idon sawun ma na hagu kaɗai. Amma yadda labarin ya iso mana Kano, sai da na tambaya ko an fara rabon gado. An ce ka tare a soro, an jera maka matasai, 'yan dubiya suna shigowa da lemo da ayaba, kai kuma kana amsa sannu da ƙyar kana lumshe ido. Wata biyu ke nan da yin targaɗe, har yau ƙafar tana kumbura da yamma, har yau kana jan ta. Shi ya sa na ce bari in ɗauki alƙalami, domin ciwon bawa asarar ubangidansa ce, Bakano kuwa ba ya zuba ido dukiyarsa ta lalace.

Na san abin da kake gaya wa mutane, wai ƙwallo ka buga da yara a Samaru, ka yanke mutum uku, na huɗun ya kwashe ka. Wanda aka yi abin a gabansa ya ba ni labari daban. Ya ce walimar saukar karatu ake yi a cikin birni, aka ce an fito da faranti, ka zabura da babbar riga ka tsallake kwata, ka dira a kan guntun rake. Ƙafa ta gurɗe, ka zauna daɓas. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki, ko a ƙasan ba ka fasa miƙa hannu ba. Ni ban ga laifinka ba. Kowa da abin da ke kayar da shi, mu ciniki, ku rake da abincin sadaka.

Faɗuwa kam kowa yana yi. Abin da ya biyo baya ne ya sa na riƙe baki. Tun 1962 kuke yi mana gorin jami'a, duk inda Bazazzagi ya zauna sai ya ce Zariya birnin ilimi, amma da ƙafarka ta kumbura, kai malamin makaranta guda, ba ka tuna hanyar asibitin Shika ba. Aka goya ka a babur sai gidan mai ɗori. Ya shafa man shanu, ya sa ƙarti biyu suka danne ka, ya kama ƙafar ya ja, ya murɗa dama ya murɗa hagu, aka ji ƙas, ka kurma ihun da aka jiyo har Tudun Wada, ya ce ta koma. Ka dawo gida aka dafa ruwa aka yi ta gasa maka da tsumma. Da kumburi ya ƙi sauka ka koma aka sake ja. Da wurin ya yi baƙi aka kira wanzami ya tsattsaga ya kafa ƙaho, wai a zuƙe mataccen jini. Sauran ka cike da ƙwayoyin kemis. To, matso kusa ɗan kasuwa ya karantar da ɗan boko.

Idon sawu mahaɗar ƙasusuwa uku ce. Ƙasusuwan ƙwauri biyu, babba da siriri, su ne suka sauko suka rungumi wani dunƙulallen ƙashi da ke zaune a kan ƙashin dunduniya. Tudun nan biyu da kake shafawa ciki da waje, ƙarshen ƙasusuwan ƙwaurin ne. Abin da ya riƙe su kada su watse wasu gajerun jijiyoyi ne masu tauri, ba na jini ba, masu ɗaure ƙashi da ƙashi. A gefen waje guda uku ne, ta gaban ce mai ƙaramin ƙarfi. Idan ƙafa ta lanƙwashe ciki, nauyin mutum ya sauka a gefen waje, ita ke fara ji a jikinta, kuma akasarin targaɗen idon sawu, kashi 80 cikin 100 ko fiye, haka yake faruwa. Likitoci sun kasa shi hawa uku: ko jijiyar ta miƙe fiye da kima, ko ta yage ba ta rabu ba, ko ta tsinke ɗungurungum.

Yanzu gaya mini, a cikin ukun nan mene ne ya goce da har za a ja shi ya koma? Igiyar guga ce ta fara tsinkewa, ka sa ƙarti suka ja ta don ta gyaru. Duk ɗan abin da jiki ya fara saƙawa a makon farko, an warware shi a ja na biyu.

Kada ka kai ni ƙara wajen maɗora. Sana'ar gado ce, kuma a ƙauyen da asibiti ya yi nisa su ne gatan jama'a. Sai dai hannu ba ya ganin cikin ƙashi. Abin da aka fi tsoro shi ne ɗaurin kara da aka tamke a kan gaɓar da ke kumbura, jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi su yi baƙi. Likitocin ƙashi a Arewa sun sha yanke hannu ko ƙafar yaro saboda haka, alhali karayar da aka ɗaure ba ta taka kara ta karya ba. Kai Allah Ya rufa maka asiri ba a ɗaure ba. Amma gashi da ruwan zafi da murza a kwana biyu-ukun farko, ƙara buɗe hanyoyin jini suke yi, kumburi ya ƙaru. Baƙin da ka ga ya gangara gefen dunduniya kuwa jini ne da ya tsiyaya daga jijiyar da ta yage, jiki da kansa yake kwashe shi, ya koma kore-kore, ya koma rawaya, ya ɓace, babu ruwansa da aska. Fatar idon sawu tana cikin wuraren da miki ya fi jinkirin warkewa, balle ga mai ciwon suga ko mai sikila. Tsaga ɗaya tana iya zama gyambon shekara.

Wannan duk ya wuce. Maganar yanzu, me ya sa bayan wata biyu ƙafa ba ta saki ba? Ko dai akwai abin da ya ɓuya ba a gani ba, ko kuma jijiya ta haɗe mai ƙafar ya ƙi ba ta aiki. Ni na san wacce ce taka, don na san halin mutanenmu na kudu, amma a fara da ta farkon, ita ce mai haɗari.

A 1992 wani likita a birnin Ottawa na Kanada, Ian Stiell, shi da abokan aikinsa suka fitar da 'yan ƙa'idojin gane wanda ya kamata a yi wa hoton ƙashi bayan targaɗe, har yau kuma da su ake aiki a asibitocin duniya. Ba su da wuya, ko Bazazzagi zai iya. Sa babban yatsanka a bayan tudun nan na waje, a kan ƙashin kansa, ba naman da ke gabansa ba, ka bi shi kana dannawa tun daga tsininsa zuwa sama kimanin santimita 6. Yi haka a tudun ciki. Sannan bi gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa ka yo baya, wajen tsakiya za ka ji wani ɗan ƙashi ya turo, danna shi. Akwai wani kuma a gefen ciki, gaba kaɗan da tudun idon sawu, a saman lanƙwasar tafin ƙafa. Idan ɗaya daga wuraren nan huɗu ya sa ka zabura, ko kuma ranar da abin ya faru ka kasa yin taku huɗu ko da ɗingishi, hoto ya wajaba. Don sabon rauni aka tsara su, amma wanda ya kai wata biyu ƙashi yana masa zafi in an taɓa ba ya buƙatar wata fatawa.

Ka kuma sani hoton ƙashi, ƙashi yake nunawa. Akwai masu laɓewa a bayan targaɗe da sai likita ya lalube da hannu, wani lokaci ya tura a yi hoton MRI. Guringuntsin da ya lulluɓe saman dunƙulallen ƙashin nan yana iya ɓantarewa, alamarsa zafi can ciki da jin gaɓar tana sarƙewa in ana tafiya. Jijiyoyin tsoka biyu da suka zagayo ta bayan tudun waje suna iya tsagewa, ko su riƙa zamewa daga mazauninsu. Akwai kuma targaɗen sama, inda ɗaurin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙwaurin biyu ne ya yage. Zafinsa a saman idon sawu yake, ya fi tashi in an juya ƙafa waje, kuma ya fi na ƙasa daɗewa nesa ba kusa ba. 'Yan ƙwallon gaske shi suke tsoro. Da wuya rake ya jawo shi, amma a Zazzau komai yana iya faruwa.

Nan zan ajiye wasa tukuna. Mutumin da ya yi makonni a kwance ba ya motsa ƙafa, jini yana iya daskarewa a jijiyar sharaɓarsa. In ka ga sharaɓar ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, ta ɗau zafi, tana ciwo in an matsa, kada ka bari kowa ya murza ta, a tafi asibiti a ranar. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya soke, a tafi a lokacin ko tsakar dare ne, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Haka nan in wurin tsagar ya yi ja yana ruwa ga zazzaɓi, ko ƙafar ta yi sanyi ba ka jin taɓi. In kuwa ƙafafun biyu ne suke kumbura tare, a daina ɗora wa rake laifi, a duba zuciya da ƙoda, a duba maganin hawan jinin da kake sha, don irin su amlodipine suna kumbura ƙafa. Akwai ma wani ciwon gaɓa mai tashi cikin dare, wuri ya yi jawur, ko mayafi ya taɓa shi sai ihu, wanda ake dangantawa da yawan cin nama da kayan ciki. Wannan na cire maka shi, sai fa in ka fara yawan zuwa Kano.

To, a ce an yi hoto, likita ya lalube ya ce ƙashi lafiya lau. Sai mu zo kan laifinka. Kada ka ɗauka ciwonka na musamman ne. A 2008 wasu masu bincike a Holan sun tattara nazarin da aka yi a kan targaɗen idon sawu, suka ga bayan shekara guda cur, tsakanin kashi 5 zuwa 33 cikin 100 na masu shi ba su rabu da ciwo ba. Abin da muke rainawa ke nan muna cewa ai targaɗe ne kawai.

Kwanciyar nan da ka riƙe hannu bibbiyu tana da asali. A 1978 wani likitan 'yan wasa a Amurka, Gabe Mirkin, ya fito da tsarin da duniya ta haddace: a huta, a sa ƙanƙara, a naɗe, a ɗaga ƙafa. A 2014 shi da bakinsa ya dawo ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Mai maganar ya janye shekara da shekaru, Bazazzagi yana nan kwance yana yi masa biyayya. Abin da masana suka tsaya a kai yanzu shi ne a kare ƙafar kwana biyu-uku, in raunin mai tsanani ne a sa mata takalmin asibiti ko filasta na kimanin kwana 10, daga nan a fara takawa gwargwadon abin da za a iya jurewa. Jijiya mai warkewa sai tana jin ɗan nauyi zaruruwanta suke jeruwa su yi ƙarfi. In an bar ta haka nan, gaɓa ta sandare, tsoka ta zube. Ari tef wajen tela ka auna sharaɓarka ta hagu da ta dama, ka ga abin da wata biyu na lemo da ayaba suka yi.

Kumburin yamma ma daga nan yake. Jini da ruwan da suka sauka ƙafa, tsokar sharaɓa ce babbar mai mayar da su sama, duk takun da ka yi tana matsa jijiyoyin jini tana turawa. Kai kuwa ka zauna ka saki ƙafa ƙasa tun hantsi, in ka tashi ka ja ta ba ka lanƙwasa ba. Ina ruwan zai bi? Kumburin da ke zuwa da yamma ya sauka kafin asuba yana iya ɗaukar watanni, shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Ka kwanta rigingine ka ɗora ƙafar har ta fi ƙirjinka tudu, minti 20, kana kaɗa ta sama da ƙasa. Ɗora ta a kujera 'yar tsuguno kana zaune kana hira ba ɗagawa ba ce. In za a naɗa bandeji mai talewa, a faro daga gindin yatsu a hauro, kada a tamke, a kwance shi in za a yi barci. Ƙanƙara ba a haramta ta ba, tana kashe zafi bayan an motsa ƙafa, a naɗe ta a tsumma, minti 15. Ruwan ɗumi kafin motsa gaɓa ma yanzu ba laifi. Yanzu ne lokacinsa, kai ka yi gaggawar ƙona ƙafar tun ranar farko.

Babban abin da ya sa na rubuto maka kuwa ba ya ciwo, ba ya kumburi, amma shi zai sake kayar da kai. Tun 1965 wani likitan ƙashi a Ingila, Michael Freeman, ya lura mutane da yawa suna kukan ƙafa tana kufce musu bayan targaɗe, alhali in an gwada jijiyar ba ta yi sako-sako ba. Ya ce jijiyoyin nan ba ɗauri kaɗai suke yi ba, a cikinsu akwai 'yan ƙananan masu kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, suna gaya mata yadda ƙafa ta karkata ko da ido yana kallon wani wuri. Da su kake ratsa lungu cikin duhu ba ka faɗi ba. In jijiya ta yage, rahoton yakan riƙa makara, kafin ƙwaƙwalwa ta ce wa tsoka ta riƙe, ƙafa ta riga ta tafi. Freeman ya sa majinyatansa suna koyon tsayuwa a kan katako mai lilo, ya ga kufcewar ta ragu, bincike da yawa bayansa kuma sun nuna horon tsayuwa yana rage maimaita targaɗe. Ba a sayar da wannan a kemis. Da ana sayarwa, da tuni mun yi odarsa kwantena-kwantena mun sauke muku a Sabon Gari.

Ga aikinka, kuma ba na son jin ƙorafi. Da safe kafin ka sauko daga gado, miƙe ƙafar ka yi rubutu a iska da babban yatsa, gwiwa ba ta motsi, idon sawu kaɗai ke juyawa. Likitoci baƙaƙen abacada suke sa a rubuta. Kai na sauwaƙe maka, rubuta “Bakano ubangidana ne” sau uku, da boko sannan da ajami. Daga nan ɗauko rawani ko tawul ka zarga a tafin ƙafa, gwiwa a miƙe, ka jawo yatsu wajenka har ka ji agara ta ɗaure, ka riƙe sakan 30, ka saki, ka sake.

Sai gwajin bango, wanda zai gaya maka gaskiyar da 'yan dubiya suke ɓoye maka. Fuskanci bango, ajiye ƙafar dama yatsunta nesa da shi da faɗin tafin hannu, ka tura gwiwa gaba har ta taɓa bangon, dunduniya ba ta ɗaga ba. Za ta taɓa. Yanzu yi da ta hagu. Ka ga inda ta tsaya? Tazarar nan da ta rage ita ta hana ka tsuguno a bayi, ita ke sa ka sauko matakala a karkace. Kullum ka riƙa turawa a hankali sau 10 zuwa 15, safe da yamma, kana matsar da ƙafar baya kaɗan-kaɗan. In ka gama, dafa bangon ka yi ɗage a kan yatsu ka sauko sannu, da ƙafa biyu tukuna, in ta karɓa ka koma ɗaya. Ka kuma aiki yaro wajen mai faci ya yanko maka tsohon tif ɗin keke, ka ɗaura baki ɗaya a ƙafar gado, ka zarga ɗayan a ƙafarka, ka riƙa tura ta waje robar tana ja, sau 15, ka huta, har zagaye uku. Tsokar gefen ƙwauri kake tayarwa, ita ce mai fizgo ƙafa in ta tashi gurɗewa. Ka biya mai facin don Allah, kada ka ce masa sadakar mara lafiya ce.

Na Freeman shi ne gaba da duka. Tsaya da ƙafar hagu kaɗai, kusa da bango, sakan 30. Ranar farko za ka yi ta tangaɗi kana kaɗa hannuwa, yara su taru, ƙyale su. Haɗa shi da asuwaki don kada ka manta. In ya zama wasa, rufe ido. In wannan ma ya zama wasa, hau kan matashi ka sa yaro ya riƙa jefo maka lemo kana cafewa, tunda ga shi nan jibge. Mako 6 ne mafi ƙaranci, wata uku ya fi. Ɗan ciwon da ya lafa kafin gari ya waye ba komai ba ne, a ci gaba. Wanda ya soke ka, ko ƙafa ta wayi gari ta fi jiya kumburi, an yi yawa ke nan, a rage, ban ce a daina ba. Silifan nan da suka cinye ta gefe guda a jefar da su, a sa takalmi mai riƙe dunduniya. In kuma da gaske kana ƙwallon da kake faɗa, akwai maɗaurin idon sawu mai igiya, a riƙa sa shi lokacin wasa wata shida zuwa shekara.

Na ji ka samu kujera a sahun gaba a masallaci ka ƙi sakinta. Malamai sun yi sauƙi, wanda ba zai iya ba ya yi salla yadda zai iya, kuma gaskiya ne zaman tahiya yana naɗe ƙafar hagu ta wajen da ta ji ciwo, ba a tilasta mata. Amma tsayuwa da ruku'u me ya same su? Tsaya da jama'a, in an zo zama ka zauna yadda ƙafar ta yarda, kana gwada lanƙwasa ta a gida a kan abu mai laushi har ta saba. Kujerar nan akwai dattawa masu jiranta.

An ce kuma kullum yaro yana zuwa kemis a ƙullo maka haɗi a leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, ba suna ba adadi. Irin wannan haɗin sau da yawa za ka tarar da diclofenac da ibuprofen da piroxicam a tare, alhali dangi ɗaya ne, haɗa su illa yake ƙarawa: su ci bangon ciki su jawo olsa da aman jini, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini. Wani lokaci a jefa dexamethasone ko prednisolone a ciki, mutum ya ji garau, fuska ta cika, 'yan dubiya su ce ya yi kyau, suga kuwa yana hawa. Na 'yan kwanaki ne magungunan nan, bisa shawarar likita, ba na wata biyu ba. In ciwo ya dame ka ga parasitamol, ko man shafawa mai diclofenac a wurin kawai. Tramadol ko sunansa kada in ji.

Hajiya uwargida, ke kuma ina gaisuwa, ina kuma roƙo. Farfesun ƙafar sa da kike dafa masa kullum wai don jijiya ta haɗe, tumbinsa yake tafiya, kuma duk kilon da ya ƙaru wannan ƙafar ce za ta ɗauka. Ki daina kai masa buta har inda yake. In ya ce a miƙo masa rediyo, ki ce yana kan taga.

In ka yi duk wannan tsakani da Allah wata uku zuwa shida ƙafa ba ta daina kufcewa ba, akwai aikin tiyata. Tun 1966 wani likita a Suwidin, Lennart Broström, ya bayyana yadda ake ɗinke jijiyoyin wajen a tamke su, har yau gyararren salonsa ake bi. Kaɗan ne suke kaiwa nan, kuma ko an yi aikin tsugune ba ta ƙare ba, tsayuwar ƙafa ɗayan nan tana jiran mutum.

Ba sai na nuna maka hanya ba. Asibitin koyarwa na Shika yana bayan gidanka, akwai likitocin ƙashi, akwai sashen gashi da motsa gaɓoɓi, su za su auna ka su tsara maka abin da ya dace da ƙafarka, ba wasiƙar ɗan kasuwa ba. Ka je cikin makon nan. In kunya kake ji kada ɗalibanka su gan ka ana koya maka tsayuwa, hau mota a Kwangila ka taho. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, shekara uku kafin a buɗe jami'ar da kuke taƙama da ita. Tun ba ku fara raba digiri ba muke gyara ƙafafunku.

Masu labarin da sun ce da aka raba wa Hausa Bakwai muƙamai, Kano aka ba Sarkin Baba, Zazzau aka ba Sarkin Bayi. Ku kuna fassara shi yadda ya yi muku daɗi, mu kuma mun san abin da ake nufi, shi ya sa ban taɓa hana ka haƙƙinka ba. Cika-ciki yana tafe, kuɗin shararka na bana na riga na ware su. Ba zan turo ta waya ba, ba zan ba direba ba. Ka zo Kantin Kwari da kanka, ka tsaya a ƙofar shago da ƙafar hagu ɗaya, ido a rufe, sakan 30, maƙwabta suna ƙirgawa. In ka dafa bango, sai baɗi.